Mashin Da Ba Ya Kisa: Hanyar Da Marubucin Labarin Yaƙi Ke Bi, Da Abin Da Take Yi Wa Labarinsa

Kwanakin baya wani ƙanena da muke unguwa ɗaya a Kakuri ya same ni da wayarsa a hannu. Shekara biyu ke nan yana rubuta wani labarin yaƙi, yana sakinsa babi-babi a wani zauren WhatsApp da ake biyan kuɗin shiga, har ya kai babi na 61. Ya ce, "Yaya, tunda sana'arka haɗa manhaja ce, ka nuna mini inda zan kai abin nan ya zama littafi." Na ce ya turo mini in karanta tukuna.

Yaron yana da baiwa. Ya iya kwatanta daji da dare, ya iya sa mutum ya ji ƙarar kofaton doki. Amma a babi na 19 wani boka ya soke jarumin labarin da mashin da aka sha gaya mana cewa duk wanda ya taɓa ba ya tashi. Jarumin ya mutu, aka yi masa kuka. A babi na 22 sai ga shi a raye, wai albarkacin wani zobe da ba a taɓa ambata ba. Da na tambaye shi, dariya ya yi. Ya ce ranar da ya kashe jarumin, 'yan zauren suka taso masa, wasu suka ce a mayar musu da kuɗinsu. Shi ne ya ƙirƙiro zoben.

Wannan zobe ne ya sa ni rubutun nan. Mun saba ɗaukar maganar buga littafi a matsayin abin da ke zuwa bayan an gama rubutu. Ni a ganina hanyar da marubuci zai bi ya kai ga mai karatu tana shiga cikin labarin tun yana rubuta shi, kuma labarin almara, na aljanu da bokaye da sadaukai, shi ne ya fi kowane jin jiki. A tarihin adabinmu hanyoyi uku marubucin irin wannan labari ya bi, kuma kowacce ta bar tambarinta a jikin littattafan.

Hanyar Zariya

A 1933 Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, ya zagaya yana neman malamai su shiga gasar ƙaga labari da Hausar boko. Daga cikin littattafan da suka fito a 1934 akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara. Ma'ana, ƙagaggen labarin Hausa na boko da almara ya fara tafiya. Labarin aljanu ba baƙo ba ne da ya shigo daga baya, ɗan gida ne tun ranar suna.

Abin lura shi ne siffar waɗannan littattafai. Ruwan Bagaja ɗan siriri ne, kuma tun farko an faɗa mana abin da Alhaji Imam ya fita nema da dalilinsa. Duk yawon da ya yi, duk karonsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, mai karatu ya san akwai alkawarin da ke jiran cikawa, kuma a ƙarshe ruwan ya iso gida. Ganɗoki ya fara da ƙafarsa a kan tarihi, yaƙe-yaƙen Kwantagora da zuwan Turawa, sannan ya tsallaka duniyar aljanu, ya dawo ya tarar ƙasar ta sake. Almarar tana da aikin yi a ciki: wuri ne da jarumin da bindiga ta ƙwace wa fage zai je ya ci gaba da zama jarumi. A Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937 bayan Imam ya yi watanni a Zariya yana aiki tare da East, labaran da aku ke bayarwa a littafi na ɗaya ba don nishaɗi kawai ba ne, dabara ce ta tsare ɗan sarki a gida kada ya faɗa tarkon Waziri.

Haka aka ci gaba. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, na 1951, ya ɗauko gwarzon tatsuniyar Rasha ya sa masa rigar Hausa, ya fara da shi yana gurgu, ya ƙare da shi ya zama dutse. Akwai mafari, akwai maƙura. Bayan kafa kamfanin NNPC a Zariya a 1966, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, inda yaro Kilba ya yi tafiya sararin samaniya. A 1980 kuma Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta ya fito cikin littattafan da suka ci gasar kamfanin.

Kada a ɗauka ina kewar wancan zamani. Ƙofa ce ƙarama, mai gadinta na farko jami'in mulkin mallaka ne, kuma littattafan karatun makaranta ake nema, ba abin da matasa ke sha'awa ba. Mutane ƙalilan suka samu shiga, mata kuwa sai a 1980 muka ga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Amma hanyar tana da abu guda: ba a buga labari sai an gama shi, kuma sai wani da ba marubucin ba ya zauna ya karanta shi daga farko har ƙarshe, ya yi tambaya.

Hanyar Bata

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya samar da ɗimbin masu iya karatun Hausa. Shekara goma bayan nan, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta da suka tabbata za su sayar. Masu karatu sun yi yawa, masu bugawa sun ja baya. Sai marubuta suka ɗauki rubutunsu da kansu zuwa ƙananan maɗaba'u, suka kai wa dillalai a Bata da kasuwar Sabon Gari a Kano. Wannan shi ne abin da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano.

An fi tuna wannan zamani da littattafan soyayya, amma a gefensu littattafan yaƙi sun ci kasuwarsu. Aliyu Abubakar Sharfaɗi ya kawo mana Malikussaif daga tsohuwar hikayar Larabawa. Nazir Adam Salih ya ba mu Kibiyar Ajali. Abdul'aziz Sani Madakin Gini kuwa, mai Mazan Jiya da Kundin Tsatsuba, sunansa ya zama kusan sunan fannin baki ɗaya. Ni kaina a hannun waɗannan mutane na koyi son karatu. Ina ƙaramin sakandare lokacin da masaƙun Kakuri ke rufewa ɗaya bayan ɗaya, KTL a 2002, UNTL a 2007, gidaje da yawa babu kuɗin sayen littafi. Haya muke karɓa a wani ɗan shago, mu yi karo-karo, mutum biyar su karanta kafin a mayar. Idan kashi na gaba ya yi jinkiri, sai mu roƙi wanda zai tsallaka gada zuwa babbar kasuwa ya duba mana. A can na fara sanin bambancin sulke da kwalkwali, da abin da ake kira ingarma. Bashin da ke kanmu ga waɗannan marubuta ba ƙarami ba ne, kuma malaman jami'a ba su ba su haƙƙinsu na nazari yadda suka ba na soyayya ba.

Sai dai kasuwa ma tana da sharuɗɗanta. Marubucin da ke bugawa da kuɗin aljihunsa ba zai iya fitar da littafi mai shafi 300 a tashi ɗaya ba. Dole ya raba shi ƙananan kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu, ya sayar da na farko ya samu kuɗin buga na biyu. Daga nan abubuwa uku suka biyo baya. Na farko, kowane kashi sai ya tsaya a tsakiyar sara, don mai karatu ya dawo. Na biyu, idan labari ya karɓu, dillali zai so a ƙara, sai a ja shi fiye da ƙarfinsa. Na uku, wanda ya fi damuna, tunda an riga an sayar da kashi na ɗaya, ba za a iya komawa a gyara shi ba. Duk matsalar da marubuci ya jefa kansa a ciki, a gaba zai nemi mafita. Mafita mafi sauƙi kuwa ita ce sabon tsafi.

Shi ya sa a yawancin littattafan da suka biyo sawun manyan, za ka ga tsari iri ɗaya. Boka ya duba madubinsa ya hango abin da zai faru. An ce wani dodo ba ya kasuwa sai da wata takobi da ke wani kogo. An samo takobin, sai ga wani dodon da ya fi na farko, shi kuma sai da wata takobin. Dakaru dubu ɗari a kashi na ɗaya sun zama miliyan a na uku. Ƙarfi na ta hauhawa kamar farashin kaya, darajarsa na ta faɗuwa. Ba rashin basira ba ne, hanyar ce ta koya wa alƙalami wannan tafiya.

An samu masu sa ido a wannan hanya, amma ba irin waɗanda labari ke buƙata ba. Hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, da ƙona littattafan da aka yi a Kano a 2007, duk tambayarsu ɗaya ce: shin littafin zai ɓata tarbiyya? Tambaya ce da al'umma ke da ikon yi. Amma tacewa daban, gyara daban. Mai tacewa ba zai tambaye ka inda zobe ya fito ba.

Hanyar waya

Yau shagunan haya sun zama shagunan cajin waya. Marubuci ba ya buƙatar maɗaba'a ko dillali. Yana da Facebook da Wattpad da WhatsApp da Telegram, da manhajoji irin su ArewaBooks, ga kuma tashoshin YouTube da ke karanta littattafai a saurara. Yarinya a Maraɗi da direba a Kumasi za su karanta babi ɗaya a dare ɗaya. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ni da nake cin abinci da wannan fasaha ba zan raina shi ba.

Amma a lura, abin da Bata ta fara, waya ta ƙarasa shi. Kashi mai shafi arba'in ya koma babin da ake jira kullum da daddare. Dillali ɗaya da ke cewa a ƙara ya koma mutum ɗari uku da ke cikin aljihun marubuci, suna magana a kan kowane babi kafin ya rubuta na gaba. Mai karatu ya zama mai ba da umarni, kuma mai karatu a tsakiyar labari ba ya son abin da labarin ke buƙata. Ba ya son jarumi ya mutu, ba ya son a yi asara. Sai an kai ƙarshe yake gane cewa mutuwar ce ta ba labarin nauyi. Ƙanena bai samu damar kai su ƙarshen ba.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A ƙasar Sin, dandalin Qidian ya fara tsarin biyan kuɗi babi-babi tun 2003, kuma abin da ya haifar shi ne labaran almara masu babi dubu da ɗoriya, inda jarumi ke ta hawa matakin ƙarfi ba iyaka. Harshe daban, al'ada daban, amma da hanyar biyan kuɗi ta zama ɗaya, sai siffar labarin ta zama ɗaya. Wani darasin kuma shi ne dandali ba gida ba ne. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu, ya rufe a ƙarshen 2023. Ruwan Bagaja ya haura shekara 90 ana sake buga shi. Labarin da ke zaune a zauren WhatsApp kaɗai, ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka rufe lamba, shi ke nan.

Gasanni ma ba su cike giɓin ba. Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016, ta fito da marubuta mata da yawa, amma ta gajerun labarai ce, kuma duniyar da aka ƙaga daga tushe ba ta shiga shafi huɗu. Gasar da Gusau Institute ke shiryawa a nan Kaduna tana karɓar cikakken littafi, wannan abin yabo ne. Sai dai gasa alƙalanci take yi a kan abin da aka gama. Wanda bai ci ba, yawanci ba ya sanin inda ya kuskure.

Me ya sa almara ta fi shan wahala?

Labarin soyayya ko na zaman gidan miji yana da mai gadi na asali, wato rayuwa. Idan marubuciya ta ce an ɗaura aure ba waliyyi ba shaidu, kowa zai ce ba haka ake yi ba. Labarin almara ba shi da wannan gata. Marubucin ne ya kafa dokokin duniyarsa, shi kaɗai ya san su, don haka shi kaɗai zai iya karya su ba wanda ya kama shi nan take. Idan ya ce mashin nan kisa yake yi, wannan magana ita ce ƙasar da mai karatu ke takawa. Ranar da ya janye ta, tsoro ya ƙare. Daga babi na 22 zuwa na 61 na labarin ƙanena an yi yaƙi ya fi goma, ban ji gabana ya faɗi ko sau ɗaya ba, domin na san akwai wani zoben a aljihunsa.

A wurin aikinmu akwai ƙa'ida: duk ƙwarewarka, abin da ka rubuta ba ya isa ga masu amfani da manhaja sai wani abokin aiki ya bi shi layi-layi. Ba don ya fi ka ba, sai don idon da ya rubuta abu ba ya ganin raminsa. Bambancin kawai shi ne, manhajar da ta karya dokarta tsayawa take yi cak, kowa ya gani. Labari ba ya tsayawa. Mai karatu ne ke daina yarda a hankali, ya ci gaba da karantawa don sabo, wata rana ya daina buɗewa, kuma ba zai gaya maka dalili ba.

Wannan mai karatun farko ba sai farfesa ba. A 1936, da rubutun The Hobbit na Tolkien ya isa kamfanin Allen & Unwin a Ingila, mai kamfanin ɗansa Rayner ya ba, yaro ɗan shekara 10, ya karanta ya rubuta ra'ayinsa, aka biya shi sule ɗaya. Littafin ya fito a 1937, shekara ɗaya da Magana Jari Ce. Babban littafinsa na baya, The Lord of the Rings, shi ma kashi uku aka raba shi tsakanin 1954 da 1955 saboda tsadar bugu. Ashe rabawa ba ita ce cutar ba. Tolkien ya gama labarinsa, ya koma farko ya daidaita shi da ƙarshe, sannan aka raba. Mu kuwa rabawa muke yi kafin mu san ƙarshen.

Akwai wata tambayar da mai karatun farko zai yi, wadda kasuwa da waya ba sa yi: me ya sa labarin yake can, ba nan ba? Labarin ƙanena a wani birni yake mai kama da Misra, sunayen mutanensa duk na aro, kamar yadda ya gani a littattafan da ya taso da su. Ba laifi ba ne, Iliya ma aro ne. Amma yaron nan kullum yana tsallaka kogin da garinmu ya samo sunansa daga kadunansa. Turunku, da ake dangantawa da Sarauniya Amina, tana nan kusa. Ga dutsen Kufena a Zariya. Ga mutum-mutumin Nok na yumɓu, waɗanda suka haura shekara 2,000, kuma har yau ba a san sunan da masu yin su ke kiran kansu ba. Wane fili ne ya fi wannan ga mai ƙaga labari? A wannan ɓangare na kogi, daga Makera zuwa Barnawa zuwa Sabon Tasha, Bagwari da Bajju da Atyap da Bahaushe duk da Hausa suke ciniki, kowa da dodannin tatsuniyar kakarsa. Masu karatu ne da labarin yaƙi bai taɓa yi wa sallama ba. Hanyar da ke saka wa marubuci don ya maimaita abin da ya sayu jiya ba za ta tura shi wajensu ba.

Abin da na gaya wa ƙanena

Ban haɗa masa manhaja ba. Na ce ya sanar da 'yan zaurensa zai tafi hutu, ya rufe labarin a inda ya ga ya dace don ya sauke nauyin kuɗinsu. Sannan ya ɗauki takarda ɗaya ya rubuta dokokin duniyarsa: wane ne ke iya tsafi, me yake biya kafin ya yi, mene ne tsafin ba ya iyawa ko ana ha-maza-ha-mata. Ya rubuta babin ƙarshe kafin ya koma na farko. In ya gama, ya nemi mutum biyu da ba sa jin kunyarsa, ɗaya mai son littattafan yaƙi, ɗaya wanda bai taɓa karanta su ba, ya biya su ko da kuɗin data ne, su karanta duka su yi masa tambayoyi. Bayan nan ya raba shi kashi nawa ya ga dama, ya saka a duk dandalin da ya so, ya ajiye kwafinsa a wuri fiye da ɗaya, ya kuma buga ko da kwafi hamsin ne a takarda.

Ƙungiyoyin marubuta da suka cika intanet za su iya mayar da wannan al'ada. Muna da masu zana bango, muna da masu tallata littafi, muna da masu karantawa a YouTube, duk ana biyansu. Mai gyaran labari ne kaɗai ba mu ɗauka sana'a ba, alhali shi ne abu ɗaya da hanyar Zariya ta mallaka wanda ya cancanci a ɗauko, ba tare da an ɗauko ƙaramar ƙofarta ba.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, in na sake rubutawa, jarumin ya mutu ke nan?" Na ce wannan shi zai yanke, ba ni ba, ba kuma 'yan zaure ba. In yana son ya rayu, ya nuna mana zoben tun babi na 3, ya kuma sa a biya shi da wani abu mai ciwo. In kuwa mashin kisa yake yi, to ya bar shi ya yi aikinsa.

Makon jiya ya turo mini sabon babi na ɗaya. Labarin ya baro Misra, ya dawo bakin wani kogi mai kaduna. A shafi na biyu wata tsohuwa tana gargaɗin jarumin game da wani mashi. Na karanta, na ji gabana ya faɗi.